Geron Soja da Gumbar Sadaka

Ban yi allo mai nisa ba, lakol kuwa, makarantar boko, ko ƙofarta ban taka ba. Maƙwabciyata, wadda ta koyar da yara har ta ajiye aiki, ita ce riƙe da alƙalami, nawa baki ne kawai. Na ce mata in kuka ya zo mini ta dakata, in ya wuce mu ci gaba. Maganar gero zan yi. Amma ba ta faɗuwa sai na bi ta kan mai geron, maigidana, Allah ya jiƙansa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Cadawa da Agiye, can ciki, sai an sauka daga kwalta an yi tafiya cikin rairayi. Da aka kawo ni gidansa yana aikin soja. Shekarun farko ganinsa sai sa'a, ya zo ya yi kwana goma ya koma. Da ya bar aikin ya dawo gida gaba ɗaya, ya dawo da kunne ɗaya ba ya ji, da gwiwa mai kumbura duk damana. Mutanen gari suna ce masa Kaparan, muƙamin da ya fito da shi ke nan, har ni ma na kama, tunda ba na faɗin sunansa. Ba ya ba da labarin soja. In samari sun matsa masa a bakin masallaci ya gaya musu abin da ya gani, sai ya ce, "Rairayi da ƙishirwa." Iyakar abin da za su samu ke nan.

Kayan da ya dawo da su ba su da yawa. Akwatin ƙarfe, da bargon soja mai kauri, da takalma. A cikin safa guda kuma ya ƙulle zangarniyar gero huɗu, gajeru, ko wacce ba ta wuce taƙi ɗaya da rabi ba. Ya ce wani tsohon manomi ne ya ba shi, can arewa inda ruwa ba ya daɗewa, don sun taɓa tsayawa sun ba shi ruwa a hanya. Mu a nan zango muke shukawa, mai zangarniya kamar tsawon hannu. Da ya nuna nasa a gari aka yi ta dariya.

Wani abokin wasansa ya ce, "Kaparan, wannan gero ne ko wutsiyar ɓera? Abin da gwamnati ta sallame ka da shi ke nan?"

Ya ce, "Gajere ne, amma shi ke riga kowa shiga sahu. Mu haɗu da marka."

Haka kuwa aka yi. Duk wanda ya yi noma ya san wannan lokaci: ruwa na zuba, gona ta yi kore shar, zango bai ko fitar da kai ba, rumbu kuwa ya koma fanko. Lokacin ne ake cin tafasa da rama ana kwana. To, daidai nan geronsa ke nuna. Mu fara da tumu, mu gasa wa yara, sannan mu yanka mu shanya mu yi fura. Ba shi da yawa, ƙaramar gona ce, kafin zango ya iso mun cinye shi tas. Amma shi ya riƙe gidan nan a shekarun da wasu suka sayar da awakinsu, wasu suka kulle gida suka tafi kudu. Masu dariyar nan da kansu suka riƙa aiko matansu da ƙwarya. Tun daga nan ake ce masa geron soja.

Da yawa sun karɓi iri, amma ba ya zama a hannunsu. Sai su shuka shi kusa da zango, shekara biyu, uku, ya rikiɗe, ba gajere ba, ba dogo ba, saurin ma ya tafi. Maigida yakan ce gero ba ya jin kunyar maƙwabci, iska ce ke ɗaura musu aure. Shi ya sa ya ware masa 'yar gona can kan jigawa, nesa da gari, daji ya kewaye ta. Tafiyar ta gajiyar da ni shekara da shekaru.

Shukarsa ma daban ce. Kowa na sara da sungumi yana tafiya yadda ƙafa ta kai shi, shi sai ya ja igiya daga wannan gefe zuwa wancan, ya kafa turke, ya bi ta yana sara. Ni ina biye ina jefa iri ina rufewa da diddige. In na cika hannu ya juyo.

"Yatsa uku na ce, tsohuwa. Ba tuwo kike tuƙawa ba."

Ina da ƙuruciyata ya fara ce mini tsohuwa. Nakan ce, "To, Kaparan, a kai ni gidan kaso." Sai ya juyo mini da kunnen da ba ya ji, ya ci gaba da sara.

In geron ya fara nuna, kafin kowa ya sa ko ƙwaya a baki, sai ya shiga gonar shi kaɗai da sassafe. Yana da tsummokaran wani jan zanena na aure da ya tsufa, ya yayyaga su sirara. Ya bi layi layi, ya duba wannan zangarniya, ya murza waccan, wadda ta yi masa ya ɗaura mata jan ƙyalle. Wadda duk ke da ƙyalle ta zama iri, ko yunwa za ta kashe mu ba a taɓa ta. Sau ɗaya na taɓa. Ina goyon ɗanmu, na wuni ban ci komai ba, na ga wata ta cika ta yi kyau, na karya na gasa a nan bakin gona. Da ya ga ƙyallen a ƙasa bai yi faɗa ba. Kwana biyu bai yi mini magana ba. Rana ta uku ya shigo da tumu cike da hularsa, ya ajiye gabana, ya ce, "Ci wannan. Waccan ta baɗi ce kika ci." Ban sake ba.

Irin nan dami biyu yake yi, ƙanana, ya sa a rumbu. A wajenmu mace ba ta shiga rumbun mijinta, ba ta ko leƙawa. Haka muka tarar, an ce in ta ga iyakar abin da ke ciki albarka na tashi. Shi zai hau ya fiddo dami ya ba ki, ki sussuka, ki surfa, ki daka. Na yi shekara hamsin da wani abu a gidan nan ban san cikin rumbun da ke bayan ɗakina ba.

Abin da na sani daga ƙasa na gan shi. Sauran manoma a can ƙasan rumbu suke binne iri, dami bisa dami, don kada hannu ya kai gare shi. Shi kuwa a sama yake ajiye nasa, daidai baki, a kan bargonsa na soja da ya shimfiɗa. Dalili, duk ranar Juma'a da hantsi sai ya ɗaga jinkar rumbu ya shiga, ya ɗauki damin nan ya jujjuya, ya sansana, ya duba ko ɓera ko ƙwaro ya taɓa, ya sake masa ganyen dogon yaro. Ya ce a bariki abin da ba a dubawa shi ke lalacewa. Ni na san wannan. Ɗanmu bai sani ba. Shi kaɗai ne namiji da ya rayu mana, kuma tun yana saurayi ya tafi Maradi koyon gyaran babur, can ya yi aure, can yake. Yana zuwa da salla, ya kawo shinkafa da sukari. Ba laifinsa ba ne.

Maigida ya rasu da rani, zafi ya fara. Ya je sassabe a gonar jigawa, ya dawo da azahar, ya zauna a inuwa, ya ce in ba shi ruwa. Na shiga na ɗebo a randa. Da na fito ya jingina da bango, hularsa ta faɗi. Bai sha ba. Bai bar wasiyya ba, bai ce komai a kan komai ba.

Dakata mini kaɗan.

To. Mai takaba a kwanakin farko ba ta da ta cewa a gidanta. An zaunar da ni a ɗaka kan tabarma, an lulluɓe ni, mata na shiga suna fita, a yi gaisuwa in amsa. Ƙanwar maigida ta zo daga wajen Gidan Rumji, inda take aure, ita ta karɓi madafa. Tsohuwa ce kamata, tun ina amarya muke tsokanar juna. Ɗana ya iso a motar kasuwa bayan an kai uban. Shi ne namijin gida yanzu, shi ya hau rumbu ya fiddo hatsin sadaka. Ina daga ɗaka ina jin taɓare na tashi, mata sun yi layi a tsakar gida. Ban kawo komai a raina ba. Ba ni da ran a lokacin.

Ranar sadakar uku aka raba gumba. Ƙanwar maigida ta shigo da ɗan curi a ƙoƙo.

Ta ce, "Ungo, matar yaya. Kwana ukku ba ki sa komi a baki ba. In kin bi shi wa za ya yi mini faɗa?"

Na gutsura don ta ƙyale ni. Da na tauna sai na ji wani gardi da zaƙi-zaƙi wanda ba na sukari ba. Harshena ya san shi. Na ce a raina, ina aka samu geron soja da rani? Ai tun kaka ya ƙare. Na ce zan kewaya, na tashi na fita. A gefen turmi an tara ƙaiƙayi za a zubar, kaji na tono. A cikinsa na ga jajayen ƙyallaye, birjik.

Na tsaya. Ƙanwarsa ta biyo ni.

"Mi ya same ki kuma?"

Na ce, "Wane dami kuka sussuka?"

"Wanda ɗanki ya miƙo."

Aka kira shi daga zaure. Ya zo ya durƙusa, idonsa ja. Na nuna masa ƙyallayen da ƙafa.

Ya ce, "Inna, na sama na fara ɗaukowa. Na gan su a kan bargo, ƙwayarsu ta cika, babu ƙwaro ko ɗaya. Na ce sadakar Baba ai sai da mafi kyau."

"Duka biyun?"

"Duka biyun, Inna. Sai na ƙara da zango."

Gwaggonsa ta dafe ƙirji. Ta ce, "Wallahi na ga gajeru ne. Na ce ko ragowar bara ce. Wa ke aje iri a bakin rumbu in ba yayana ba?"

Gida cike da mutane, malamai na zaure suna addu'a. Me zan ce? In yi kururuwa don an yi wa mamaci sadaka da abin da ya fi so? Gumbar ta riga ta bazu a gari, yara na tafe suna lasar hannu. Na ce, "Allah ya karɓa, ya kai ladan kabarinsa." Na koma ɗaka na zauna. Ranar ne na yi kukan da ban yi ba ranar mutuwar. Matan da ke zaune suna ta ba ni haƙuri a kan mijina, ni kuwa ban san wanne nake yi wa ba, shi ko geron.

Ɗana ya yi ƙoƙari, ba zan rage masa ba. Ya bi gidajen da suka taɓa karɓar iri, kowa ya ce ya daɗe da rikiɗewa. Na tuna akwai wani da suka yi soja tare, can gaba da Gazawa, wanda maigida ya taɓa kai wa zangarniya. Ɗana ya hau babur ya je. Ya tarar mutumin ya rasu, 'ya'yansa ba su ma san zancen ba. A hanyar dawowa ya tsaya kasuwar Agiye ya auno mini tiya guda, ya ce mai hatsin ya rantse shi ne. Na ɗauki ƙwaya na ciza.

Na ce, "Ɗana, mai awo ko tsakuwa ka tambaya zai ce yana da irinta. Kai wa gwaggonka ta yi mana fura."

Bayan sadakar arba'in ya koma Maradi, yana da iyali da aiki. Ƙanwar maigida ta zauna taya ni takaba. Kwanaki suka yi ta tafiya, ba na komai sai salla da zama. Bazara ta shigo, hadari ya fara haɗuwa gabas yana watsewa. Duk Juma'a da hantsi sai in ji kunnena na jiran ƙarar tsani a jikin rumbu.

Wata Juma'ar ce abin ya faɗo mini. Shekara da shekaru maigida yana jujjuya damin nan a kan bargo. Gero in ya bushe, ko yaya aka taɓa shi sai ƙwaya ta zuba. Ina take zuba? Kuma yaron bai fiddo bargon ba.

Na ce wa ƙanwar maigida, "Tashi ki kama mini tsani. Rumbu zan shiga."

Ta ce, "Ke? Mace, kuma mai takaba? Kin zare ne? Bari a kira wani cikin maƙwabta."

"Namiji zai kakkaɓe bargon kafin ya miƙo, ya ce ya share mini ƙura. Ni zan shiga."

"Albarka fa?"

Na ce, "Mai rumbun ya tafi. In akwai wanda zai yi fushi shi ne, in mun haɗu ma yi ta."

Rumbun a cikin gida yake, ba fita zan yi ba. Muka sa gwafa mu biyu muka ture jinkar gefe, muna nishi, ciyawa na zubo mana a ka. Na ɗaure zane na kama tsani. Gwiwoyina na ƙara kamar tsohuwar ƙofa.

Na ce, "Riƙe da kyau. Kada ni ma ki yi sadaka da ni."

Ta ce, "Wa za ya karɓa? Hau ki ba mutane wuri." Ta ƙanƙame tsanin.

Na sa ƙafa ciki. Ashe haka yake. Damman zango jere reras, kawunansu duk gefe guda, an bar 'yar hanya a tsakiya daidai faɗin mutum ɗaya. Warin dogon yaro da warin jikinsa. A jikin bango akwai wani wuri da ya yi santsi, inda yake dafawa in zai sauka, na sa hannuna a wurin. Na daɗe a tsaye. Ƙanwarsa na ta kira daga ƙasa.

Bargon yana gefe a cukuikuye, yadda yaron ya ture shi. Na tattaro bakinsa huɗu a hankali kamar mai ɗaukar jariri, na ƙulle, na miƙa mata. Na ce in ta girgiza shi ban yafe ba.

Muka shimfiɗa tabarma a inuwa muka buɗe. Busasshen ganye, ƙura, kashin ɓera. Cikin lanƙwasar bargon da tsakanin zarensa kuwa ga ƙwayoyi nan. Muka wuni muna tsinta ɗaya ɗaya a faifai, tsofaffi biyu da ido ya mutu. Na geron soja ƙwayarsa ta fi ta zango kumburi da haske, duk wadda na yi shakka na ware ta. Da muka gama bai cika tafin hannu biyu ba. Ƙanwarsa ta dube shi ta ce, "Yaya, ka ga abin da ka bar muna." Ta rufe fuska da mayafi.

Kafin in fita takaba mutane sun yi shuka, har sun fara noman fari. Da wani iri ne, da ya makara. Shi wannan an yi shi don guntun ruwa ne. Kashegarin fitata muka ɗauki sungumi da igiyarsa muka nufi jigawa, muna tafiya muna hutawa. Na ja igiyar, ban iya ja ta miƙe kamar shi ba. Ƙanwarsa na sara, ina jefawa. Yatsa biyu na riƙa ɗiba, ba uku ba, don ya kai. Duk da haka ɗan wuri muka shuka, bai fi tsakar gidan nan ba.

Ruwa ya ɗauke kwana goma sha, wasu suka bushe. Da sauran suka fitar da kai tsuntsaye suka gano su, tunda babu wani gero da ya nuna a duk dajin. Kullum sai in je in zauna ƙarƙashin kalgo da gwangwani da tsakuwa ina kaɗawa, daga safe har la'asar. Ƙanwarsa ta koma gidanta, ita ma tana da nata. Markar waccan shekarar tafasa na ci, da abin da ɗana ya aiko. Ga tumu gabana yana ƙamshi, ban gasa ko ɗaya ba.

Ranar da na shiga da jajayen ƙyallayen, waɗanda na tsince daga ƙaiƙayi na wanke, sai na tsaya tsakiyar gonar ban san abin da zan yi ba. Me yake dubawa in ya murza? Tsawo ne, ko cika, ko wadda ta riga nuna? Shekara hamsin ina kallonsa daga bakin gona, ban taɓa tambaya ba, shi ma bai taɓa faɗi ba. Na ɗauka kullum yana nan. Sai na ɗaura wa duk wadda ta tsaya da ƙafarta.

Bara na sake shukawa, ya ɗan ƙaru, har na gasa tumu biyu, na aika wa ƙanwarsa ɗaya. Ban sani ba ko zaɓena daidai ne. Wani lokaci in duba zangarniyar in ga kamar ta fi tasa tsawo, gabana ya faɗi. Bana ƙafafuna sun ƙi, ban san ko zan kai jigawa ba. Ɗana ya ce zai zo da shuka ya kai ni a babur, ya koyi jan igiyar. Ya faɗa, Allah ya ba shi iko.

Damin yanzu ba ya rumbu. Yana ɗakina, rataye bisa gadona, naɗe cikin bargon. Duk Juma'a ina sauke shi in duba.

Abin da ya sa na ce a rubuta ke nan, malama, a ajiye takardar cikin akwatin ƙarfen, a karanta wa ɗana da duk matar da za ta karɓi madafa ranar da na bi shi. Ku yi mini gumba da zango, in babu ku auno a kasuwa, in babu ku yi mini addu'a kawai, ta isa. Wanda ke da jan ƙyalle ba na sadaka ba ne, na shuka ne, kuma a jigawa, nesa da zango. Rubuta wannan da manyan baƙaƙe. Sauran na gaji.